Kumburin Idon da Ya Bar Fuskarka, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ka isa Funtua lafiya, ina gaida Gwaggo da mutan gidan. Na san ba ka duba waya, amma Sadiyar Gwaggo za ta karanta maka, in ya so ka yi mini faɗan da ka saba.

Baba, tafiyar nan taka ban yarda da ita ba. Shekara nawa Gwaggo na roƙon ka zo kana cewa hanya ba kyau, sai ana gobe za a sake ɗibar jininka zumunci ya motsa?

Ka tuna abin da likita ya ce tun da aka gano kansar jinin nan. Ƙwayar da kake sha kullum ita ke taka wa cutar birki, kuma sai ta kai wani mizani a jini take aiki. In ta gaza, cutar na iya sabawa da ita, daga nan ko an ƙara ba ta ji.

Watan jiya ni na tsaya a ɗakin gwaji. Sun ɗebi jininka da safe kafin ka sha ta ranar, suka juya shi a inji har jan ya kwanta, ruwa rawaya ya taso. Wannan ruwan aka tura cikin wani siririn bututu, kowane sinadari yana fitowa a lokacinsa. Da maganin ya fito, layin allon kwamfuta ya ɗaga ya yi tozo. Matar da ke aikin ta nuna mini na bara da na bana. Na bana da ƙyar ya kai rabi.

Na fara zargin kantin magani, sai aka gwada ƙwayar aka ce sahihiya ce. Na zargi mantuwa, amma kwalbar tana ƙarewa a kan kari. Ƙwaya tana fita daga kwalba, Baba, ba ta isa jininka.

Sai na tuna idanunka. Tun da ka fara shan maganin fatar idonka take kumbura da safe, har kana cewa, "Ni dai an mai da ni kwaɗo." Kwanakin baya ta saɓe, muka yi ta murna, ni har da cewa ka koma saurayi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na raka ka a keke mai ƙafa uku zuwa Gyallesu, wurin amininka da ba zan kama sunansa a nan ba. Na san an ce masa ciwonku ɗaya, na kuma san bai samu shiga layin masu karɓar magani ba. Ya fito zaure tarbar mu, na durƙusa zan gaishe shi, na ɗaga kai. Kumburin nan naka na gani a idanunsa. Kai kuma ka shiga gyaran hula, ka ƙi kallona.

Ban kama ka da komai a hannu ba, zato ne kawai. Amma ni ce na tashi ina ganin ka raba tsire ɗaya da duk wanda ke majalisar ƙofar gida, kana cewa, "Ba na iya haɗiye abu ana kallona."

Wannan ba tsire ba ne. Rabi ba zai riƙe ka ba, shi ma ba zai riƙe shi ba. Tsoro nake ji, Baba. Na rasa Inna, ban shirya rasa ka ba.

Ka dawo gida Tudun Wada. Ba zan tambaye ka komai ba, ba kuma zan kunyata ka gaban kowa ba. Na yi wa likita magana, ya ce a kawo amininka a duba shi a nemo masa tasa hanyar. Ranar gwaji keke zai fara biyawa ta Gyallesu, na riga na gaya wa mai keken mu uku ne.

Allah Ya ba ku lafiya kai da shi, Ya bar mini kai da kumburin idonka.

'Yarka da kake kira uwarka,
Uwani