Baƙaƙen Da Suka Ƙanƙance

Malanville, farkon Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, Mai ba da aro kuma Mai karɓar abinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga aminina kuma abokin karatuna, Malam Sodangi na Gaya, ƙetaren kogi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma kunnen nan naka bai ƙara nauyi ba. Da kana jin magana ta salula da ban wahalar da Arziki mai albasa da ɗaukar takarda ba.

Ɗan'uwa, abin da nake tsoro ya iso. Ka san bara likitan Kandi ya ce yanar ido ta fara rufe mini gani. Ka san kuma littattafan bugu sun daɗe da fin ƙarfina, shi ya sa ɗana Ismaël ya aiko mini salula daga Kotonu, ya zuba Alƙur'ani da littafin tafsiri a ciki, da baƙaƙe manya-manya. Da ita nake muraja'a.

Makon jiya masassara ta kayar da ni, salular na ajiye a jikin wuta ban taɓa ta ba. Da na samu sauƙi na ɗauko ta in yi karatu, sai na ga duhu-duhu, baƙaƙen kamar ƙananan tururuwa. Na wanke fuska, na goge tabarau, na fita tsakar gida wurin haske. Ko wasali ɗaya ban rabe ba. Masassara ta cinye ɗan abin da ya rage.

Ban faɗa wa maiɗakina Hadijatu ba, domin zuciyarta ba ta ɗaukar irin wannan labari. Amma azumi ya ƙarato, kuma ba zan hau buzun tafsiri in fassara maganar Allah da ka ba, tsufa yana sa mantuwa. Na kira Malam Atiku, wanda yake ja mini baƙi a masallacin bakin kasuwa, na ce bana shi zai yi.

Wagga takarda hannu ne kawai ya san hanyarsa, ban yarda na duba abin da na rubuta ba. Ka sa ni a addu'a. Allah Ya ba mu haƙurin abin da Ya hukunta.

Naka,
Abdurazak

*

Malanville, tsakiyar Sha'aban

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi! Aminci ya tabbata gare ka, Malam Sodangi, da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Ina iyali, ina ƙafar uwargida? Mu nan lafiya lau, fiye da yadda na zata.

Arziki ya kawo amsarka bayan azahar. Na karɓa da nufin in nemi mai karanta mini, sai ɗoki ya sa na buɗe. Na ga inda ka ce in ƙetaro gada mu zauna tare, kai ka zama idona ni in zama kunnenka, mu biyu mu tashi malami guda. Na yi dariya har na yi tari. Na ga inda ka ce tun muna zaure dama ba gani ne ya sa na fi ka ba, baki ne. Wannan ƙarya ce, kuma za mu yi ta in mun haɗu. Sai da na kai ga sa hannunka sannan na farga: ashe na karanta takardar duka, ni kaɗai, kuma rubutun naka mai kama da tonon kaza bai fi na kullum girma ba.

Na ɗauko salula na aza gefen takardarka. Takarda tana karantuwa, salula ba ta yi. Na ce to, ɗayanmu ne ba shi da lafiya, kuma da alama ba ni ba ne.

Na hau kabu-kabu zuwa rumfar Ɗan'inna mai gyaran salula, kusa da masu shinkafa. Ya dube ta ya ce, "Baba Malam, mizajur ce ta yi." Wai masu ƙera ta sukan aiko mata sabon tsari ta iska, ta karɓa da kanta in tana jikin wuta, wani lokaci sai ta watsar da yadda mai ita ya daidaita ta, ta koma kamar ranar da aka saye ta. Ya ce mutum nawa suka zo masa da wannan kuka, har wani ya zo zai sayar da tasa. Ya ja wani ɗan layi da yatsa, haske ya dawo. Ya ja wani, baƙaƙen suka yi ta kumbura yana tambayata ko ya isa, ni kuwa ina cewa ƙara. Ya nuna mini wurin har na iya da kaina, ya kuma sa ta riƙa neman izinina kafin ta sake irin wannan karambani.

Ɗan'uwa, nan cikin hayaniyar kasuwa na buɗe Suratud Duha na karanta daga fari har ƙarshe, hawaye na zuba. Ɗan'inna ya zaci bai gyara daidai ba.

Da na koma gida na faɗa wa Hadijatu komai. Ta ce ta sani tun ranar da ta gan ni tsakar gida ina juya salula kamar mai duba ƙwai, ta yi shiru ne don kada ta karya mini zuciya. Ashe kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Ta sa na yi alkawarin komawa Kandi bayan Salla, domin yanar tana nan, jinkiri kawai aka yi mini.

Saura maganar Malam Atiku. Na tarar har ya ɗinka sabuwar riga, ya aika wa mahaifiyarsa a Garou albishir. Da ya ji labarin, ya sunkuyar da kai ya ce buzu na mai shi ne. Na dubi fuskarsa na ga abin da yake haɗiyewa. Na ce a'a, kyautar da aka yi cikin tsoro ma kyauta ce, ba a amshe ta. Bana shi zai fassara, ni zan zauna gefensa in ja masa baƙi. Ni da na yi bankwana da ganin ayoyin, a ce in zauna wata guda ina kallonsu ina karantawa, me ya fi wannan?

Ka ƙetaro ka ji shi, zan aje maka wuri dab da lasifika. Na tambayi Ɗan'inna ko akwai layin da ake ja kunne ya buɗe, ya ce ba a ƙera shi ba tukuna.

Allah Ya kai mu Ramadan da rai da lafiya, Ya bar mana ji da gani muddin muna raye, Ya yi maka albarka kai da zuriyarka. Amin.

Wagga kam na duba ta sau biyu kafin in naɗe.

Amininka,
Abdurazak