Nasarar da Na Rubuta Miki Kafin a Busa Usur

Zuwa ga Hasiya, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar darbejiya a tsakar ranar Jibiya, Malamar Wasanni wadda usur ɗinta ke tsayar da numfashina kafin ya tsayar da wasa!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Yau ga ni riƙe da biro, ni Sadisu, Babban Edita, wakili kuma mai ɗaukar hoto na shafin Muryar Kwandon Iyaka a intanet, domin kin toshe ni ta kowace kafa. Haba farin watana! A ce mai ba duniya labari ya rasa hanyar ba ki nasa?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Kina saman tsani kina ɗaure kwandon wasan ƙwallon makarantarku da wayar ƙarfe, ɗalibanki sun riƙe miki tsanin. Na ɗauki hoto, na rubuta cewa an ƙaddamar da katafaren filin wasa na zamani. Dariya kika yi ranar, har da riƙe ciki. Wannan dariyar ce ta hana ni barci har yau.

To ki saurare ni, zumata. Kin san filinku a bakin iyaka yake. Da na shiga, waya sai ta saki layinmu ta kama na Nijar, katin ya ƙone kafin in ce bisimilla. Shi ya sa kullum nake rubuta rahoton wasa tun da safe a teburin mai shayin tasha, in saka a shafi, sannan in zo kallo hankali kwance. Ai wasan kwando duk ɗaya ne: a yi gudu, a jefa, wani ya ci. Ina zan san motar 'yan matan garin Ɗan Isa na Nijar, da za su kara da ɗalibanki, ba za ta ƙetaro ba, wai takardunsu ba su cika ba?

Kuma wa na ba nasarar, in ba ke ba? Sittin da biyu da sha takwas! Na ce ɗalibarki Dabora ta tashi sama kamar shaho, ashe baiwar Allah tana gida kwance da zazzaɓi. Na ce kocin baƙi ya zubar da hawaye. Kafin la'asar shafukan Katsina sun kwafa, na Kano sun kwafi na Katsina, wani a Abuja ya mayar da shi gasar ƙasa da ƙasa, har masana suka yi sharhi kan salon jifan Dabora. Ba wanda ya kira ya tambaya. Tunda na buɗe shafin nan ban taɓa ganin jama'a haka ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Sai ƙawarki Jummai ta gaya mini shugaban makaranta ya kira ki ofis yana tambayar ina kofi. Ta ce iyayen da kika bi gida gida kina roƙo su bar 'ya'yansu mata su yi wasa, yanzu suna ce miki maƙaryaciya, har an cire biyu. Wallahi wannan ya dake ni, Hasiya. Ta kuma isar da saƙonki: in ban goge na faɗi gaskiya ba, kada kawuna Ɗanmaraya ya wahalar da kansa zuwa Bugaje wurin Babanki nema mini aurenki ranar Asabar.

Na goge, tauraruwata. Da hannuna na goge. Na rubuta a fili cewa ba a buga wasan ba, ƙaryar tawa ce, ba ruwanki. Tun jiya yake a shafin. Katsina ba ta kwafa ba, Kano ba ta gani ba, masanan Abuja duk sun yi tsit. Ko alamar ɗan yatsan nan ta yabo guda ba wanda ya danna masa.

Ban damu ba, domin mutum ɗaya na rubuta wa. Kawu ya sayi goro, ya ba da rigarsa guga, sai tambayata yake ko tafiyar tana nan, ni kuma ban san abin da zan ce masa ba. Don Allah ki buɗe ki karanta. In kin yafe, ki danna yatsan nan guda ɗaya. In ba ki danna ba, ba zan rubuta amsarki da kaina ba, zan jira.

Naki har ranar da numfashi zai ƙare,
Sadisu