Yatsu Huɗu a Jikin Tubali

Zuwa ga Yaya Ilu magini,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, don ka tafi kafin a buɗe ajin yamma na manya, inda na koyi boko da furfurata. Amma murna ta cika mini ciki, kuma kai na fara nema.

Matar Habu ɗana ta sauka lafiya, namiji. Na zama kaka, Yaya. Bakina ya ƙi rufuwa, har mutanen Bebeji suna tsokanata wai na samu abokin da ba zai yi mini gorin haƙora ba. Jibi suna, a zauren da ka gina mana, kuma Iliyasu za a raɗa masa.

Zauren ne ya sa na ɗauki alƙalami. Za a faɗaɗa hanyar tsakiyar gari saboda motocin gyaɗa. An kafa turakun awo, layin ya ratsa ta cikin zauren. Gari ya rabu biyu. Dattawa sun ce a roƙi hakimi hanya ta karkace, ko da za ta cinye rijiyar unguwa. Habu da samari sun ce ginin ƙasa ya ci zamaninsa, a rushe a yi mai rufin kwano. An bar mini magana tunda ni ne maigida yanzu, kuma bayan suna zan ba da amsa.

Katangar da ka gina a gefen zauren an riga an kayar da ita. Na tsuguna cikin ɓaraguzan ina tone-tone, sai na tsinci tubali guda bai fashe ba. A jikinsa akwai shatin yatsu huɗu. Na sa hannuna a ciki, ƙaramin yatsana ya rasa gurbi. Shi ne wanda gatari ya cire maka wajen saran giginya a dajin Falgore.

Tun ranar nake kwanciya rigingine a zauren ina kallon rufi. Yaya aka yi bakan rufin nan ya tsaya babu ginshiƙi? Me ya riƙe azarar tsakiya? Me ka zuba a kwaɓin da gara ta ƙi shi har yau? Na kwaɓa maka ƙasa, na miƙa maka tubali, amma ban taɓa tambayarka ba, don ina ganin kullum kana nan. Ban kuma taɓa gaya maka ba, idan baƙi suka ɗaga kai suna mamaki, nakan ji kamar ni na gina.

Ga abin da zan faɗa wa hakimi. Ba zan sa unguwa ƙishirwa saboda zaure ba, na san kai ma ba za ka yarda ba. Amma diga ba za ta taɓa shi ba. Ni da Habu za mu kwance shi da hannu, azara bayan azara, mu ga yadda ka ɗaure ta, sannan mu tayar da shi bayan turakun da ƙasarsa ta asali. Habu ya yi ɗan gunaguni, amma jiya na kama shi shi ma yana kallon rufin. In bakan ya tsaya, mun gane ka. In ya zube, mu sake kwaɓi.

Tubalin nan kuwa ba zai koma gini ba. Na ajiye wa takwaranka, ya gwada hannunsa idan ya girma.

Allah ya jiƙanka, sai mun iso.

Ƙaninka Sale, kakan Iliyasu.