Kunun Gonar Alhaji Dogo

Yankara, daren Laraba, daminar 1977

Wata biyu ina lallashin samarin da ke kwana a rumfunan kasuwa. Isiya kaɗai ya yarda in kai shi asibiti ya rabu da ƙwaya. Yau motar ofishinmu ta zo, babu shi. Na iske shi gonar Alhaji Dogo, ido jajur, yana noma kamar inji. Ƙarti sun tafi Legas aikin gini, shi ne Alhaji ke narka ƙwaya cikin kunun yaran da ke masa noma don kada su gaji.

"Malam, ni ke ci da su, ba gwamnatinku ba. Kai baƙo ne," in ji Alhaji da na tunkare shi.

Duka biyun gaskiya ne. Amma na ɗebo kunun a kwalba. Gobe gaban alƙali zan roƙi abu guda: Alhaji ya shanye shi da bakinsa.