Duwatsun Iddrisu a Kurmi

Zongo, Kumasi
9 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga ƙanena Abukari, a Salaga.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Ni dai ga ni nan, gwiwoyi sun ƙi, ko masallaci sai da sanda. Tun da 'yata Batulu ta bi mijinta Dichemso, ɗakin ya yi mini faɗi.

Maganar maƙwabcina Iddrisu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna tsohuwar hanyar goro ta cikin kurmi, gaba da Oforikrom, inda muka binne Yaya Zuberu shekara arba'in ke nan? Ma'aikatan gandun daji sun share ta, sun kakkafa turaku masu fenti. Da suka zo neman wanda ya san ta, suka dubi ƙafafuna, suka ɗauki Iddrisu, mutumin da ni na koya wa naɗa gammo. Sa'ana ne fa, amma ya hau tuddan nan uku na hanyar, ya dawo kafin la'asar ko haki ba ya yi. Yanzu kullum ana kewaye shi a ƙofar masallaci yana ba da labarin sanyin inuwa da kukan birai, ni ina gefe ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Cewa ya yi wai ya gane kabarin a gindin wani rimi kafin rafi, har ya jera duwatsu ya yi addu'a. Ni kuwa na san sai da muka ƙetare ruwa da gawar, don rigata ta jiƙe har ƙirji. Da na gaya masa, ya yi murmushi ya ce tsufa ya soma taɓa ni, jama'a suka yi dariya. In na mutu a haka, duwatsunsa ne za su zama gaskiya.

Don Allah ka zo kafin ruwa ya sauka. Kai ka riƙe ƙafafun Yaya ran nan, kuma naka suna da sauran ƙarfi. Ka je ka duba, gani ya kori ji. Na san hassada ga mai rabo taki ce, na yi istigfari kuma, amma ba zan ɓoye maka ba: har yanzu roƙon Allah nake ya sa Iddrisu ya yi kuskure.

Ka gaishe mini da Kulu, da Inna Rakiatu, da Seini.

Ni ne yayanka,
Mahama