Wuyan Maigidana da Titin Ƙofar Unguwarmu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Hanyoyi
Daga: Matar marigayi mai walda, Gida na 14, Unguwar Baƙin Ma'aikata
Rana: 9 ga Maris

Game da: Tashar bas da aka mayar tsallaken titi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a yi haƙuri da rubutuna, karatuna a aji huɗu ya tsaya.

Ranar Talata, 14 ga Janairu, da hantsi, ina shanya kaya sai ga Dogo, abokin aikin maigidana, tsaye a ƙofa da kular abincin da na zuba wa maigidan da safe. Ba a ma buɗe ta ba. Tun kafin Dogo ya yi magana na zauna a ƙasa. Mota ce ta buge maigidana a ƙofar unguwarmu, wata huɗu da zuwanmu ƙasar nan. Ban zo neman fansa ba. Direban ya zo gaisuwa, har ni na koma ina ba shi haƙuri. Ƙorafina dai ga shi:

1. A garinmu, mai tsallaka titi hagu yake fara dubawa. A nan kuwa ta dama mota ke fitowa. Marigayi ya shekara hamsin yana duban hagu, kuma mutum ne da ko wurin ajiye takalminsa ba ya canzawa. Na sha ce masa wuyansa ya fi ƙarfen da yake waldawa tauri. Shaidu sun ce ya duba hagu da kyau, har sau biyu.

2. Da can bas ɗin ma'aikata a bakin ƙofarmu yake tsayawa. Ranar 2 ga Janairu, in ban manta ba, ofishinku ya mayar da tashar tsallaken titi. Kwana goma sha biyu kacal, Ranka ya daɗe.

3. Da muka iso an ba mu littafi mai shafi arba'in. 'Yata ta karanta mini shi kaf. Akwai ranar fitar da shara, akwai launin kwandon kwalabe, har da lokacin da aka hana buga ƙusa a bango. Inda mutum zai juya kansa ya tsira da ransa ne kawai babu.

4. Sau uku ina zuwa ofishinku. Taga ta farko ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta tafi cin abinci. A zuwa na uku wani mai kirki ya ce ai an rubuta gargaɗi a kan kwalta. Na je na duba. Rabinsa ya goge, sauran kuma da harshen da ko gaisuwarsa ba mu gama koya ba.

5. Ranar 1 ga Afrilu sababbin ma'aikata talatin za su iso daga gida. Cikinsu akwai ƙanena, autanmu, wanda ko a garinmu sai an riƙe masa riga.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi, kafin wannan rana, a dawo mana da tashar inda take. In hakan ya yi nauyi, a zana babban ido da kibiya mai nuna dama, wanda jahili irina zai gane. Fenti bai fi gwangwani ɗaya ba, buroshi kuwa marigayi ya bar guda biyu.

Kafin ku amsa, kullum ƙarfe shida na safe ina bakin ƙofar da lemar marigayi mai lanƙwasasshen hannu, ina maƙalo wuyan rigar duk wanda ya dubi hagu. Har sun sa mini suna 'Yar Sanda. In sun gama wucewa nakan tsallaka ni ma, ko ba inda za ni. Ina duban dama sau biyu, ɗaya nawa, ɗaya nasa.

Allah ya ƙara girma, ya sa wannan takarda ta faɗa tagar da ba ta tafi cin abinci ba.

Taku mai biyayya,
Maman 'Yan Biyu
Gida na 14