Yaya Lawali, fitilar Baba tana hanya

Zuwa ga yayana Lawali, can wurin haƙar zinariya arewa da Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana gaishe ka. Gero ya fara fidda kai, waken gonar gabas ma ya kama, sai dai tsutsa ta ɗan taɓa shi.

Na sa wasiƙar nan a shafina na intanet ne don lambarka ta daina shiga tun farkon damina. Masu zuwa can sun ce rezo, wato layin waya, sai an hau dutse. To, in kai ba ka gani ba, wataƙila wani da ke kusa da kai ya gani. Duk wanda ya san Lawali ɗan masu ginar rijiya na wajen Attantane, dogo, mai tabo a gira, don Allah ya karanta mishi har ƙarshe, ko da ya ce wasan yara ne. Zai ce haka ɗin, na san shi.

Yaya, maganar wasan nan ce na cikin tsohuwar salularka da ka bar mini.

Ka tuna ranar da anka sa maka shi kasuwar Tasawa? Rubutunshi duk Ingilishi ne, ba mu gane ko kalma ɗaya, amma munka gane sauran. Ka zaɓi mutum, ka sa mishi riga da takobi, ka raɗa mishi sunanka. Yana yawo gari gari, yana taimakon mutane, yana ƙara ƙarfi. Ka kashe kuraye, ka kashe wani ƙato mai kai biyu, kana ta dariya ƙarƙashin itacen bedin gidanmu, ni ina leƙe ta kafaɗarka. Har kunka isa tsohon ramin nan da ke ƙarƙashin kufai, kai da Lawalin naka. Nan wasa ya tsaya.

Abin da ke cikin ramin ba ya ruri, ba ya gudu, ba ya jifa. Kana cikin tafiya sai ka ga jan layin nan na rai yana raguwa, ba wanda ya taɓa ka. Sai Lawali ya fara tangaɗi, ya durƙusa. Sai lokacin yake fitowa daga bango, dogo, fari fat kamar abin da bai taɓa ganin rana ba, ba ido, ba hanci, baki ne kawai a ƙirjinshi, a buɗe. Ba ya ko cizo. Tsayawa yake bisa kanka yana jan iska har waya ta yi baƙi. Ka sare shi, takobi ya wuce kamar cikin hayaƙi. Ba mu iya karanta sunanshi ba, sai ka ce mu kira shi Mai Tsayi.

Ka mutu a ramin nan har ba iyaka. Daga ƙarshe ka jefa mini wayar ka ce an lalata wasan ne, ba mai wuce wurin.

Bayan ka tafi na zauna da shi. Ka san ni, ba ni da sauri amma ba na gajiya. Da rana in na dawo gona sai in kai caji wurin mai farantin hasken rana, in zauna inuwa in shiga. Ban yi ta faɗa da shi ba, kallo na yi ta yi. Sai na tuna wani abu. Farkon wasan, Lawali da itacen wuta yake shiga duhu, itacen yana ci yana ƙarewa. Kai kuma da ka samu wani dutse mai haske wanda ba ya mutuwa, ka jefar da itacen, ka ce wahala ce. Na koma wurin tsohuwar nan mai rumfa a garin farko, na sake sayen itacen, na cire dutsen, na sauka.

Yaya, ashe wutar ce ke faɗa. Tun Mai Tsayi yana nesa sai harshenta ya gajarce. In ya matso sai ta yi shuɗi, ta kwanta kamar tana son ɓuya. Ɗigar ruwan nan da ake ji a ramin ita ma sai ta yi shiru. In ka juya a lokacin ka koma wajen tsani, ka tsira. In ka jira, wuta ta miƙe, ka ci gaba. Ba a kashe shi. Ba a yi shi don a kashe ba. Dutsenka mai haske yana nan tar har ka mutu, shi ya sa ba ka taɓa ganin zuwanshi ba.

Ranar da na gane haka ban yi murna ba. Baba na tuna.

Ka tuna rijiyar da anka kira shi yasa a wani ƙauye wajen Korgom? Munka je a amalanke, da igiya da kwando. Mutanen gari sun taru, dabbobi na ta kuka, mata da tuluna jere. Baba ya kunna aci-balbal ɗinshi, ya sa ta cikin gwangwanin nan mai huji, ya zura a hankali. Muna leƙe. Ba ta kai rabi ba ta yi ƙanƙanuwa, ta mutu. Ya jawo, ya kunna, ya sake zurawa. Ta sake mutuwa wuri guda. Ya naɗe igiyarshi ya je ya zauna gindin gawo.

Mai gari ya roƙe shi, wasu har sun fara maganganu. Kai ka tuɓe riga ka ce kai za ka sauka, rijiya ce kawai, ba kowa ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fitila ta fara sauka, kana kai. Inda ta ƙi zama, ɗana ba ya zama." Ya sa anka saro rassan bedi masu ganye, anka ɗaure a igiya, munka wuni muna zurawa muna jawowa don iska ta motsa, hannuna duk ya yi kanta. Washegari fitila ta sauka har ƙasa tana ci, kana ya ɗaura igiya a ƙugu. Kai ka yi fushi har munka dawo gida ba ka yi mishi magana ba. Baba ya yi shekarunshi duka cikin rami, kuma bisa tabarmarshi ya rasu, muna gefenshi.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa nake rubutu.

Bidiyon da ka turo na ƙarshe, wanda ka ce in nuna wa Inna ta ga kana lafiya. Na nuna mata, ta yi ta sa albarka. Ni kuma na yi ta maimaita shi ni kaɗai, kamar yadda na yi da wasan.

Tocila ce ɗaure a goshinka, mai pil, wato batir, farin haske. Dukanku haka, ban ga wuta ko ɗaya ba. Gurup ɗinku, injin wutar nan, yana bakin ramin yana aiki, kuma bututun hayaƙinshi ramin yake kallo. Igiya tana naɗe a ƙarfe, ba hannun kowa a kanta, wanda ya kamata ya riƙe yana can yana haɗa shayi. Da ka sauka kana nuna mini jijiyar dutsen, ka tsaya tsakiyar magana ka ja numfashi, ka sake tsayawa. Kai da kake hira kana haƙa ba ka haki. Ka ce kanka na ciwo, zafi ne. Bayanka akwai wani ya jingina da bango yana hamma, idonshi rabi a rufe, kana mishi ba'a wai rago ne. Kuma Yaya, a sama ƙudaje sun rufe ku, kana ta kore su. A ƙasa ba ko ɗaya. Sun biyo ku har wani wuri sunka koma.

Ni ban san aikin zinariya ba. Amma rami na sani, kai ma ka san shi fiye da ni. Abin nan da ke cinye iskar rami ba ya wari, ba a ganinshi, barci yake sa mutum. Yana ƙasa yana jira, kuma kullum kunka ƙara zurfi wurinshi kuke zuwa. Tocilarka za ta ci gaba da haske ko kana kwance.

Ban ce ka dawo ba. Na san abin da ya kai ka, na san ɗakin Inna da kake son rufawa da kwano. Abu ɗaya nake roƙo. Na ciro aci-balbal ɗin Baba daga ƙusa, da gwangwaninta, na naɗe cikin tsohon rawaninshi. Na kai Mayahi ranar kasuwa, na ba wani direban kamiyo mai kai kaya wajenku, ya ce ya san masu shayin da 'yan ƙasarmu ke zama, zai bar ta can da sunanka. Ka je ka tambaya. Kafin ta iso, ko kyandir ne ka nema, ko tsumma da mai cikin gwangwanin tumatir. Ka zura kafin ka sauka, kowace safiya, ko za su yi maka dariya. Ku juya gurup ɗin nan ya ba ramin baya. Ka sa mutum ya riƙe igiya da hannunshi. Ka bar wutar kusa da kai a ƙasa, in ta kwanta, ka fito, ka fito da mai hamman nan, ko da zinariyar tana kallonka.

Inna ta ga ƙusar ba komai. Ta dube ta, ta dube ni. Tun ranar ta daina cewa in kunna mata bidiyonka.

Lawalin cikin waya kuwa, na wuce da shi wurin Mai Tsayi, na kai shi har wata babbar ƙofa a ƙasa. Ban buɗe ba. Na juyo da shi, na hau da shi tsani, na fito da shi. Yana nan tsaye bakin ramin cikin rana, da itacen wutarshi a hannu. Ba ni da zuciyar sake sa shi ciki. In ka zo ka buɗe ƙofar da kanka, ni in leƙa ta kafaɗarka.

Allah ya tsare ka sama da ƙasa, ya tsare waɗanda ke tare da kai. Allah ya ba ka abin da ka je nema, ya ba ka numfashin kawo shi gida. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya sa fitilar nan ta iske ka a sama.

Naka ƙane, mai riƙe maka igiya,
Isuhu